Lesin JAMB na kuɗi: abin da na gani a wata uku

Ƙanwata ta zana jarrabawar JAMB, ta neman shiga jami'a, sau biyu. A 2024 a gida ta yi shirinta, ta samu maki 187. A 2025 na biya mata lesin wata uku a wata cibiya da ke kusa da unguwarmu a Kano, ta samu 241. Duk wanda na faɗa wa sai ya ce ai lesin ya yi rana. Gaskiya ya yi, amma ni da nake kai ta ina ɗauko ta, ina kuma duba littattafanta, na san ba shi kaɗai ya kawo wannan ƙarin ba.

Lokaci ne ya kayar da ita a karon farko. Tambaya 180 ake ba ɗalibi a awa biyu: 60 na Turanci, sai 40 a kowanne daga darussa uku da ya zaɓa. Ita da take son aikin jinya, nata Bayoloji ne da Kimistiri da Fizis. In ka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 ke gare ta. Kuma tun 2015 a kwamfuta kawai ake jarrabawar, ga yarinyar da in ban da waya ba ta taɓa sarrafa komai ba. Ranar da ta fito idonta jajir. Ta ce min, "Yaya, ina kan Fizis na ɗaga kai na ga saura minti goma, ko taɓa Kimistiri ban yi ba."

A nan cibiyar ta ci kuɗinta. Duk Asabar ana zaunar da su gaban kwamfuta a yi gwaji da agogo, kamar ranar gaske. An koya musu amsawa da madannai ba sai da linzami ba: A, B, C, D don zaɓi, N ka yi gaba, P ka koma baya, S ka miƙa. An koya musu fara da darasin da suka fi ƙarfi, su tsallake duk tambayar da ta tsaya musu a wuya, su dawo mata in lokaci ya rage. Gwajin farko ba ta gama ba. Na biyar ta gama da saura minti takwas. Wannan abu ne da ba za mu iya ba ta a gida ba, don ba mu da kwamfuta, wayata kuma ba ta kama da abin da za ta tarar a zauren jarrabawa.

Sai malamin Kimistiri, Allah ya saka masa da alheri. Shekara uku ana yi mata lissafin mol a makaranta tana hadda ba ta gane ba. Shi ya ajiye Turanci ya ce musu da Hausa, yadda dozin yake guda goma sha biyu ko na ƙwai ne ko na cokali, haka mol yake adadi ɗaya tak ko na wane sinadari ne. Ta dawo gida ranar tana yi wa Umma bayani a bakin murhu, ita da da ko sunan darasin ba ta son ji.

Sauran kuwa ban ji daɗinsu ba, kuma ba zan ɓoye ba. Lokacin biyan kuɗi an ce min aji ba ya wuce mutum arba'in. Da rajista ta kankama suka haura ɗari a ɗaki ɗaya mai rufin kwano, ga zafin Maris, ga azumi a baki. Wanda ya makara a taga yake tsayawa. Kwamfutocin ba su kai talatin ba, sai an yi layi, wata Asabar ɗin kuma a ce babu man janareta. Malamin Fizis tsofaffin tambayoyi kawai yake karantowa ya ce amsar C ce, a wuce. In ɗalibi ya tambayi dalili sai ya ce babu lokaci. Takardun darasi kuɗinsu daban, gwajin Asabar ma daga baya aka sa masa nasa kuɗin, alhali babu wanda ya faɗa min haka tun farko.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da na waiwayi 2024 na ga laifin namu ne. Mun ce tana karatu a gida, amma ita ce aike, ita ce wanke-wanke, ita ce rainon 'ya'yan yayarmu. A 2025, saboda an kashe kuɗi, sai gida ya ɗauki abin da muhimmanci. Umma ta ɗauke mata aikin safe. Daga sallar Asuba zuwa ƙarfe takwas babu mai kiran sunanta. Na sauke mata manhajar kowane darasi daga shafin JAMB, kyauta ce, ta manna a bango tana soke duk babin da ta gama. Fizis ɗinta a wannan zaman na safe ta koye shi, haka littafin labarin da ake tambaya a kansa a Turanci, don a cibiya taƙaitawa kawai aka ba su. Ƙawarta da suke benci ɗaya, wadda ba ta buɗe littafi sai a aji, ba ta kai 200 ba. A shekarar, alƙaluman farko da JAMB ta fitar sun nuna sama da mutum miliyan 1.5 cikin fiye da miliyan 1.9 ba su kai 200 ba, kuma na tabbata da yawansu sun biya lesin.

Wanda zai biya, ya je da kansa da tsakar rana ya ƙirga ɗalibai, ya ƙirga kwamfutoci, ya tambayi duk kuɗin da zai biyo baya. Ƙaninmu ne a layi yanzu. Wata ɗaya zan biya masa don gwajin kwamfuta, na kuma yi magana da malamin Kimistirin nan zai riƙa zuwa gida sau biyu a mako. Umma ta riga ta ce safiyarsa tasa ce.