Shatar keke napep a Sakkwato: yadda muka zaga gari da yara

Duk mai niyyar kai yara 'yan shekara 10 zuwa 12 Sakkwato ɗan gajeren hutu, shawarata ita ce ya ɗauki shatar keke napep guda, na ɗan gari, ya riƙe shi har ya gama. Haka muka yi ni da maigidana da yaranmu biyu, mace da namiji, a hutun hunturu. Ma'aikacin masaukinmu ne ya haɗa mu da wani dattijo mai keke, haifaffen cikin gari. Muka yi ciniki na yini tun kafin mu hau, har da kuɗin mai da na jira. Kabu-kabu ya fi araha, amma ba zan raba yarana a kan babura biyu a garin da ban san lungunansa ba.

Hubbaren Shehu ya fara kai mu, da sanyin safiya. Tun a hanya ya juyo ya ce wa yaran, "Ɗiyana, nan ba wurin guje-guje ba ne, ziyara za mu." Suka ce, "To, Baba." Muka tuɓe takalma, muka shiga, muka yi addu'a. Yaran sun san sunan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo daga makaranta, sun haddace cewa an haife shi a 1754 ya rasu a 1817, amma ba su taɓa kawowa a ransu cewa mutum ne da ya zauna a gida, kuma ga gidan ba. Namijin ya yi ta kallon ƙofar yana tambaya ko ta nan Shehu yake fita zuwa masallaci.

Abin da ya fi taɓa ni a nan shi ne yarinyar. Da Baba ya gaya mata cewa Nana Asma'u, 'yar Shehu, a nan take kwance kusa da mahaifinta, sai ta tsaya cak. Na ba ta labarin da na sani: mace ce da ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa ƙungiyar mata ta 'Yan Taru, tana naɗa malamai mata da ake kira jajoji tana ba su malfa, su shiga ƙauyuka suna karantar da mata, har ta rasu a 1864. Yarinya ta ce, "Umma, ashe tun lokacin mata na koyarwa?" Wannan tambayar kaɗai ta biya ni kuɗin tafiyar. A tanadi 'yan canji na sadaka kafin a je, don akwai mabuƙata a bakin ƙofa, kuma gara a ba yaran su miƙa da hannunsu.

Fadar Sarkin Musulmi daga waje muka gan ta, da dogarai cikin jajaye da korayen kayansu, sai Masallacin Sarkin Musulmi Bello a kusa. Baba ya tuna musu cewa Muhammadu Bello ne ya kafa birnin a 1809, amma kabarinsa yana Wurno. Ba mu daɗe ba.

Inda muka daɗe shi ne gidan tarihi na Waziri Junaidu. Ban zaci yaro mai shekara 10 zai yarda ya bar wasan waya ya tsaya gaban tsofaffin takardu ba, amma sai da muka ja shi. Takubba da masu da kwari da baka ne suka fara kama shi, daga nan ya koma kan littattafan da aka rubuta da hannu da tawada, yana ƙoƙarin haɗa baƙaƙen da karatunsa na allo. Ma'aikacin da ya zaga da mu bai gaji da tambayoyinsu ba, ko da yaron ya tambaye shi nauyin sulke sau ba adadi. Da muka fito muka biyo ta Giginya, sai Baba ya rage gudu ya ce a wannan yankin aka gwabza da Turawa ranar 15 ga Maris, 1903, lokacin Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda ya yi hijira gabas har aka kashe shi a Burmi cikin Yulin shekarar. Yaro ya gama ganin makaman ke nan, sai ga filin. A ganina wannan jerin ya fi: gidan tarihi tukuna, sannan Giginya.

Da rana ta take muka koma masauki. Ko a hunturu ranar Sakkwato ba ta wasa, balle daga Maris zuwa Mayu da zafi kan wuce digiri 40. Kada a matsa wa yara yawo tsakanin azahar da la'asar. Fura da nono mai sanyi, a kwanta.

Washegari muka shiga Shiyar Madunka, wajen masu aikin fata. Fatar jar akuyar Sakkwato ce aka daɗe ana kaiwa ƙetare ta hamada, har Turawa suka riƙa kiran ta da sunan Maroko don ta can take isa gare su. Wani baduku ya zaunar da yaran a tabarma, ya ba su fata suka shafa, ya nuna musu bagaruwar da ake jima da ita da karan dafin da ke ba da jan launi. Sannan ya miƙa wa yarinyar basilla, ya riƙe mata hannu ta huda gefen wani ƙaramin alabe, ta zura siririyar tsirkiyar fata ta ja. Ɗinkin ya ɗan karkace, ya ce a bar shi haka, nata ne. Mun saya. Yaran wannan shekarun sun wuce a riƙa nuna musu abu daga nesa, so suke hannunsu ya taɓa.

A nan ne kuma na sami abin da ban ji daɗinsa ba game da Baba. Ya nace sai mun sayi sauran tsaraba a shagon wani abokinsa, kuma da na taya irin jakar a gaba kaɗan, sai na ga an tsawwala mana. Na gaya masa kai tsaye, ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri," bai sake ba. Yana kuma yawan amsa waya yana tuƙi, sai da maigidana ya yi masa magana. Wasu labaran da yake bayarwa na baka ne, irin na kakanni, don haka na riƙa ce wa yaran su riƙe, mu duba a littafi in mun koma gida. Keke kuma ba ya tare ƙura, a taho da takunkumi da man shafawa.

Yamma ta ƙarshe ya kai mu Kasuwar Kara suka ga raƙuma kusa da kusa, namijin ya ɓuya bayan babansa da wani raƙumi ya yi kuka. Daga nan muka bi hanyar jami'a zuwa Kwalkwalawa, bakin Gulbin Rima, inda masunta ke fitowa da kifi, ga fadamar albasa shar. Mun so zuwa Wurno da madatsar ruwan Goronyo, Baba ya ce da yara bai ba mu shawarar fita wajen gari ta wannan ɓangaren ba saboda halin tsaro, alhali tafiyar da ƙarin kuɗi ce gare shi. Wannan ya sa na karɓi lambarsa, kuma in Allah ya sake kai mu Sakkwato shi zan kira, sai dai tsaraba ni zan zaɓi inda zan saya.