Tirela tana lilo a hadari: sandar goga ko maɗauri mai sifirin?

Alhaji, ka ce hadari ya tarar da kai tsakanin Gujungu da Gumel da tirelar taki a bayan Hilux, ta dinga kaɗa wutsiya har sai da ka sauka daga kwalta. Alhamdulillahi da abin ya tsaya nan. Kana tambaya wanne za ka saya cikin na'urori biyun hana lilo da aka nuna maka.

Duka biyun an fi sanin su a Amurka, inda ake jan tireloli masu ɗaki da gado a bayan mota. Ta farko, wato sandar goga, sandar ƙarfe ce falle da ke zamiya tsakanin fatun birki, kai ɗaya a jikin maɗaurin mota (ƙarfen baya da ake maƙala tirela), ɗayan a wuyan tirela. Kana matse ta da hannu, sai ta hana tirelar juyawa cikin sauƙi. Tana da araha, ɗaura ta ba wuya, kuma idan tankar mai ta wuce ka a busasshiyar kwalta tana rage wannan fizgar. Matsalarta ita ce ba ta san hagu da dama ba. Yadda take hana tirela kaucewa, haka take hana ta dawowa daidai. Shi ya sa masu ƙera ta da kansu suke cewa a sassauta ta ko a cire idan hanya ta yi santsi ko an hau burji, domin tayar mota ba ta da riƙon da za ta rinjayi taurin sandar, kana murza sitiyari a kwana motar tana neman zarcewa. Idan za ka yi baya da karyawa sosai ma sai ka cire. Ka ga kenan ranar da ka fi buƙatarta, ranar ce za ka ajiye ta.

Ta biyun maɗauri ne mai sandunan sifirin guda biyu. Nauyin wuyan tirela yakan danne bayan mota ya ɗaga gabanta, sitiyari ya yi sakayau. Sandunan nan suna mayar da wani kaso na nauyin kan tayoyin gaba da na tirela, motar ta zauna daidai, kuma masu hana lilo a cikinsu akasarinsu ba sai an kwance su don ruwa ba. Ga mai jan kaya da damina, ni wannan zan zaɓa, musamman idan tirelar da kayanta sun haura rabin nauyin motar. Amma tana da tsada, kuma tana son wuyan tirela mai ƙafa biyu, mai ƙwari. Irin na sanda ɗaya da masu walda suke haɗa mana ba zai ɗauka ba, zai iya lanƙwashewa. Ka kai wa makanike ya duba shasi da maɗaurin kafin ka fitar da kuɗi.

Kafin duk wannan, Alhaji, ina ka jera buhunan? Yawancin lilo daga lodi yake farawa. Ƙa'idar ita ce kusan kashi 60 cikin 100 na kaya ya kasance gaban tayoyin tirela, kuma kashi 10 zuwa 15 na dukkan nauyinta ya sauka kan maɗauri. Idan tirela da kaya sun kai kilo 1,500, to kilo 150 zuwa 225 ya kamata su danne wuya, wato nauyin buhun taki uku zuwa huɗu da rabi. Yaran lodi sun fi son tara kaya a baya don sauƙin saukewa. Ka tsaya a kansu, ka sa a ɗaure kayan kada su zame. Idan baya ya fi nauyi, babu na'urar da za ta cece ka.

Sai gudu. Lilo yana ƙaruwa da gudu, kada ka wuce kilomita 80 a awa ko da rana tsaka, da ruwa kuwa ka sauko sosai. Hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska a gaba, don haka a hanyar Gumel zuwa Maigatari a gefe zai buge ka, kuma tirela mai rufi ko dogon tamfol ta fi kamuwa. Da ka ga ƙura ta taso ja, nemi fili nesa da bishiyoyi da turakun lantarki ka faka, iskar ba ta cika daɗewa ba.

Idan kuma lilon ya fara kana tafiya, ɗaga ƙafa daga totur a hankali, riƙe sitiyari a miƙe, kada ka danna birkin mota da ƙarfi, kada ka yi ƙoƙarin bin tirelar da sitiyari. In tana da birkin lantarki nata, shi za ka ja da hannu, zai miƙar da ita. Ka duba iskar tayoyinta da sanyin safiya kafin ka tashi.