Sim ɗin da ba a riƙewa a hannu: sharhina bayan kwana shida na aiki a Paris

Wannan ce tafiyata ta farko ta aiki zuwa ƙasar waje. An tura ni baje kolin kayayyaki a Villepinte, arewa da birnin Paris, tare da ganawa guda biyu a La Défense, unguwar manyan ofisoshi. Hankalina duk yana kan biza da tikiti da otal. Saura kwana uku in tashi wani abokin aikina da ya saba fita ya tambaye ni: "To Malam, idan ka sauka, da wane layi za ka nemi mutanen da ke jiranka?" Na rasa amsa. Shi ne ya ce in sayi eSIM, kuma a kansa zan yi wannan sharhi. Ba zan ambaci kamfanin da na saya a wajensa ba, domin yawancin abin da na yaba da abin da na kushe halin hajar ne ita kanta, ba na mai sayarwa ɗaya ba.

Ga wanda bai sani ba, eSIM sim ne da aka ƙera shi a cikin wayar tun daga masana'anta. Ba a buɗe waya, ba a zura kati. Za ka biya ta intanet, a turo maka lambar QR, ka haska ta da kyamara, sai layi na biyu ya bayyana a wayarka kusa da wanda ka saba amfani da shi. Ba kowace waya ce ke ɗauka ba. Wayoyin iPhone sun fara ɗauka ne daga XS da XR a 2018, kuma iPhone 14 da aka sayar a Amurka a 2022 ko ramin kati ba ta da shi. A ɓangaren Android abin ya danganta da samfurin da kuma kasuwar da aka yi wa wayar, har ka ga waya iri ɗaya wata tana ɗauka wata ba ta ɗauka. Hanya mafi sauƙi ta dubawa ita ce ka danna *#06#. Idan ka ga lamba mai tsawo, mai alƙaluma 32, an rubuta EID a gefenta, to wayarka tana ɗauka. Sai kuma ka tabbatar ba wayar da wani kamfanin sadarwa ya kulle a kan layinsa ba ce, domin irin wannan ba za ta karɓi baƙon layi ba. Ka yi waɗannan biyun kafin ka biya ko sisi.

Na sayi giga 10 na kwana 15, wanda ya haɗa ƙasashen Turai da yawa, saboda akwai yiwuwar in leƙa Brussels da ke ƙasar Beljiyam, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya da rabi ba a jirgin ƙasa mai gudu. Sayen bai ɗauke ni minti goma ba. Na saka shi a wayata tun ina gida, kuma wannan ita ce shawarar da na fi jin daɗin bi, don saka shi yana buƙatar intanet. Wanda ya bari sai ya sauka, zai tsaya yana neman waifai da jaka a kafaɗa, ga gajiya ga barci. Abu ɗaya dai ka karanta da kyau: wasu kamfanonin suna fara ƙidaya kwanaki daga ranar da ka saka layin, wasu kuma daga lokacin da ya fara kama sabis a can. Nawa na biyun ne.

Da jirgi ya sauka a filin Charles de Gaulle na kunna waya, amma layin bai kawo data ba. Gabana ya faɗi. Na kashe na kunna, shiru. Sai da na koma saƙon da suka turo mini, can ƙasa cikin ƙananan rubutu, na ga dole ne a kunna maɓallin romin na sabon layin, wato wanda ke ba layi damar hawa sabis ɗin wani kamfani a ƙasar waje. Ina kunnawa ya kama. Wannan bayani kamata ya yi ya zama layi na farko a saƙon, ba na ƙarshe ba, domin duk wanda ya taɓa jin labarin kuɗin romin, abin da zai fara yi shi ne ya kashe shi gaba ɗaya. Ka kunna shi a kan eSIM, ka kashe datar layinka na gida, ka kuma hana wayar sauya layin data da kanta. Idan ba haka ba za ta riƙa zuƙar data daga layin gida ba tare da ka sani ba.

Daga nan kuwa sai sambarka. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, kuma a awa ta farko bayan sauka ne na fahimci zancen. Filin jirgin yana da nisan kusan kilomita 25 daga tsakiyar gari. Jirgin ƙasa na RER B ne ke kai mutum Gare du Nord, babbar tashar jirgin ƙasa da ke cikin Paris, cikin kusan rabin awa. Taswirar waya ta nuna mini tasha, ta nuna inda zan sauya, ta nuna ƙofar da zan fita. Washegari da zan tafi wajen baje kolin ta cece ni daga kuskuren da na tabbata da na tafka: wannan layin yana rabuwa gida biyu a Aulnay-sous-Bois, reshe ɗaya ya nufi filin jirgi, ɗaya ya nufi Mitry-Claye, kuma tashar Parc des Expositions, inda ake sauka don zuwa baje kolin, tana kan reshen filin jirgi ne. Jiragen biyu a dandamali ɗaya suke tsayawa, kamanninsu ɗaya. Wanda ba shi da data, kuma ba ya jin Faransanci, zai iya shiga wanda ba nasa ba ya makara a ranar farko, ranar da ake fara yi wa mutum kallon ko shi wane ne.

Wani ɗan ilimi da na tsinta a hanya: Paris gunduma 20 ce, kuma alƙaluma biyu na ƙarshen lambar gidan waya su ne lambar gundumar. Adireshin da ya ƙare da 75008 yana gunduma ta 8. La Défense kuwa ba ta cikin waɗannan 20 ɗin, tana wajen iyakar birnin ta yamma, ana zuwa ta layin metiro na 1 ko RER A. Da na san haka tun kafin kama otal, da na zaɓi wuri tsakanin can da Villepinte da idona a buɗe.

WhatsApp ɗina ya ci gaba da aiki da lambata ta da, babu abin da ya canza, kuma da shi na yi kusan duk hulɗata. A wajen baje kolin ina ɗaukar hoton kaya in tura wa shugabana, ya amsa nan take ko in nemi farashi ko in wuce. Manhajar fassara ta karanta mini takardun bayanin kaya ta kyamara. Kiran bidiyo da iyali da daddare ya tafi lafiya lau. A cikin manyan zaurukan baje kolin, tsakar rana idan jama'a ta cika, gudun yana raguwa, amma na ga masu layin ƙasar ma suna ɗaga waya sama, saboda haka ban ɗora wa eSIM laifin ba.

Inda ya ba ni kunya shi ne inda ɗan kasuwa ya fi buƙatarsa. Irin wanda na saya data ce zalla, ba shi da lambar waya. Ba ka kira, ba a kiranka, saƙon tes ba ya shigowa. An rubuta haka a shafin sayarwa, na kuma karanta, amma ban gane nauyinsa ba sai ranar ganawata ta farko. Na isa ƙasan ginin, lambar da ke kan takardar gayyata ta wayar tebur ce ta ofis, kuma wayar tebur ba ta WhatsApp. Sai da na roƙi ma'aikaciyar karɓar baƙi ta kira mini sama. Ta yi cikin mutunci, amma minti goma sun tafi, kuma ni na so in shiga kafin lokaci ne.

Na biyu ya fi ciwo. A rana ta uku na zo biyan ajiyar wani samfuri da kati, banki ya tura lambar tabbatarwa ta saƙon tes zuwa layina na gida, wanda na kashe gaba ɗaya don tsoron caji. Mai kaya na tsaye yana jira, ni ina jiran layi ya kama sabis. Ya kama, amma lambar farko ta riga ta mutu, sai da na nemi wata. Manhajojin kiran tasi ma da yawa da saƙon tes suke tabbatar da mutum lokacin rajista. Don haka kada ka kashe layinka na gida, datarsa kawai za ka kashe. Kafin ka tashi ka tambayi kamfaninka ko layin yana kama sabis a ƙasar da za ka je, da abin da suke caja a kan karɓar saƙo da karɓar kira. Ka sanar da bankinka kwanakin tafiyar, ka kuma yi rajistar duk manhajar da za ka buƙata tun kana gida. Idan na'urar biya ta tambaye ka ko za ka biya da yuro ko da kuɗin ƙasarka, zaɓi yuro, domin canjin da na'urar ke yi da kanta yawanci ya fi tsada.

Akwai kuma wani abu da ba a faɗa mini ba ko kaɗan. Yawancin irin waɗannan layukan suna zagaya datarka ta wata ƙasa kafin ta fita intanet, saboda haka kana Paris amma shafuka suna ganinka a wani wuri daban. Manhajar bankina ta ga abin da bai yi mata ba, ta hana ni shiga har sai da na koma waifai na otal. Na rubuta wa masu eSIM ɗin, babu lambar kira, sai akwatin hira a manhaja, kuma amsar ba ta zo ba sai bayan awanni, lokacin da na riga na warware matsalar da kaina. Ga ɗan yawon buɗe ido wannan ƙaramin abu ne. Ga wanda ciniki ke hannunsa, awa uku tana iya zama asarar ciniki.

Giga 10 ta ishe ni, har na dawo da saura, amma da na raba data zuwa kwamfuta dare ɗaya don aika rahoto sai kusan giga biyu ta tafi, domin kwamfuta ta samu hanya ta hau sabunta kanta. Layi biyu a kunne da taswira a buɗe suna cin batir sosai. Ka riƙe fawa bank a jakar hannu, don ba a yarda a saka shi a kayan da ake aunawa ba, kuma wanda ƙarfin batirinsa bai wuce 100Wh ba shi ne ke wucewa ba tare da neman izini ba. Soket ɗin Faransa mai ƙafa biyu zagayayyu ne, ƙarfin wutar kuma volt 230 ne, ka sayi mahaɗinsa tun kafin ka tafi. Kada kuma ka goge layin daga wayarka da sunan gyara, domin yawanci lambar QR sau ɗaya take aiki.

Duk da yabon da na yi wa data, a gaban jami'in shige da fice da takarda na tsaya. Wasiƙar gayyata, shaidar otal, tikitin dawowa da takardar inshorar lafiya, wadda dokar bizar Schengen, wato bizar haɗin gwiwa ta shiga Faransa da ƙasashen Turai da dama, ta ce kada ta gaza ta yuro 30,000, duk na buga su na saka a fayil ɗaya. Ya nemi biyu daga ciki, na miƙa, ya duba ya buga hatimi. A lokacin kuwa wayata ko data ba ta kawo ba tukuna.

Zan sake saye? Ƙwarai kuwa, ga tafiyar mako ɗaya ban ga abin da ya fi shi sauƙi ba, kuma da za a ce in ba shi maki zan ba shi huɗu cikin biyar. Wanda zai daɗe, ko zai riƙa komawa, gara ya sayi layin ƙasar mai lamba, domin tun watan Yunin 2017 layin wata ƙasar Tarayyar Turai yana aiki a sauran ƙasashen tarayyar ba tare da ƙarin cajin romin ba, kuma abokan hulɗa sun fi saurin ɗaga lambar da suka gane. Ni dai tafiyata ta gaba ma ta kwana biyar ce, kuma na riga na fara neman eSIM mai haɗe da lambar kira, ko da kuwa datarsa ba ta kai ta wancan ba.