BCC na Gmail ko manhajar tura saƙo: amsa ga mai son aika wa kwastomominta imel

'Yar'uwa, kin tambaya wace hanya za ki bi ki tura wa kwastomominki imel. Tsakanin BCC na Gmail (gurbin da ake zuba adireshi da yawa ba tare da wani ya ga na wani ba) da manhajar tura saƙo irin Brevo ko Mailchimp, ki ɗauki manhajar ki huta. Duk na bi hanyoyin biyu.

Shekara biyu ke nan ina tura sanarwar darussana ta Brevo, kuma abin da ya sa ta shiga raina shi ne abin da ya fara ɓata min rai. Ranar da na tura saƙon farko, mutum bakwai suka danna ɗan rubutun nan na ƙasa mai cewa a cire sunansu, ciki har da aminiyata. Na kwana ina juyayi. Da muka haɗu sai ta ce min ita ba ta da lokacin karantawa, kuma da babu wannan ƙofar fita, kunya ba za ta bar ta ta gaya min ba, sai dai ta danna alamar sifam, wato ta kai ƙarar cewa saƙon banza ne, a ɓoye. A nan na gane gatan da aka yi min. Wanda ya fita da kansa bai cuce ki ba. Wanda ya kai ƙararki kuwa, Gmail na ajiye lissafi, sannu a hankali saƙonki ya riƙa faɗawa akwatin sifam har a wajen masu jiransa.

Tun Fabrairun 2024 Google ya gindaya wa masu tura saƙo 5,000 a rana sharuɗɗa: su sa hanyar fita da dannawa ɗaya, su cire mutum cikin kwana biyu, kuma masu ƙorafi kada su kai kashi 0.3 cikin ɗari, wato uku cikin dubu. Ba ki kai wannan yawan ba, na sani, amma ki duba ƙanƙantar uku cikin dubu. Manhajar tana yin cirewar da kanta, tana kuma iya tura wa sabon mai rajista saƙo ya tabbatar shi ne ya nema. Tsarin Brevo na kyauta yana ba da saƙo 300 a rana, ni ya ishe ni.

BCC yana aiki, ba zan yi masa sharri ba, Gmail na kyauta ma ya kan bar ki ki kai mutum 500 a rana. Sai dai wata rana za ki zuba adireshin a CC, gurbin da ba ya ɓoye su, bisa kuskure, kowa ya ga na kowa, wani ya amsa wa duka.

Kada ki ɗauka kyawun saƙo ne ke fid da shi daga sifam. Ko nasiha ce, in mutum bai nema ba kuma an watsa ta ga jama'a, sunanta sifam. Wanda ya taɓa sayen kaya a hannunki sau ɗaya bai ce ki riƙa ƙwanƙwasa masa kowane mako ba.

Ba ki tambaya ba, amma ki kiyayi masu tallar adireshi dubu-dubu, wai duk tantattu ne. Na taɓa saye, har yau ina cizon yatsa. Saƙonni suka yi ta dawowa, kamfanin da nake amfani da shi a lokacin ya dakatar da asusuna, mai sayarwar kuma ya daina ɗaga waya. A irin wannan tarkacen akwai adireshin tarko da ƙungiyoyin yaƙi da sifam irin Spamhaus ke ajiyewa, babu mutum a bayansu, kina tura musu kin shiga baƙin littafi. Mailchimp ma ya haramta amfani da adireshin saye a ƙa'idojinsa.

Ki buɗe Brevo, ki tambayi kwastomominki ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ce eh ki sa shi. Ni da mutum 43 na fara.