Kafin ka sayi manhajar lissafin tafiyar sauti cikin farantin zaren kabon

Ɗaliban injiniya a Jami'ar Ngaundare da makarantar kimiyya da fasaha ta Marwa, har da wasu daga Injamena, sukan zo da tambaya guda idan aikin kammala karatunsu ya shafi gano tsaga a cikin faranti ta hanyar sautin da kunne ba ya ji: wace manhaja za su saya? Shawarata a taƙaice ita ce kada a fara da sayen komai.

Farantin da aka yi da zaren kabon ko zaren gilashi da gam ba kamar ƙarfe yake ba. Duk wanda ya taɓa faskare ya san itace yana tsagewa cikin sauƙi idan gatari ya bi tsawonsa, amma ya ƙi idan aka sare shi a kwance. Haka sauti yake a irin wannan faranti: idan ya bi tsawon zaren kabon yakan kai kusan kilomita 10 a daƙiƙa, idan ya ratsa shi kuma ba ya wuce kilomita 3. Ƙarfe na buƙatar lambobi 2 kacal don bayyana taurinsa. Farantin zaren kabon kuwa shimfiɗu ne da aka jera ɗaya a kan ɗaya, kuma shimfiɗa ɗaya na buƙatar 5, wani lokaci 9, kuma abu mafi wuyar sha'ani yakan buƙaci 21. Idan waɗannan lambobin ba daidai suke ba, manhajar miliyoyin sefa ma ƙarya za ta zana maka.

Abu na farko da kake bukata shi ne zanen da ke nuna saurin kowace igiyar sauti gwargwadon yawan kaɗawarta a daƙiƙa, musamman igiyoyin da ke bin faranti, waɗanda Horace Lamb ya bayyana a 1917. Dispersion Calculator na cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus, DLR, yana fitar da wannan zane, kyauta ne, kuma an yi shi ne don faranti mai shimfiɗu da yawa. Ƙaramar kwamfutar tafi-da-gidanka ta ishe shi. Disperse na Imperial College a Landan ya girme shi, masana sun amince da shi, sai dai na kuɗi ne. Ga ɗalibi, na farkon ya wadatar.

Sai batun ganin igiyar tana tafiya har ta ci karo da tsaga. Nan ne ake ambaton COMSOL, Abaqus da Ansys, manhajojin da ke raba faranti zuwa ƙananan ɓangarori su yi lissafi a kan kowanne. Suna da kyau, babu musu, COMSOL ma ya fi sauƙi idan za ka haɗa farantin da na'urar da ke tura sautin. Amma lasisinsu yana da tsada, ana biya da yuro ko dala. Na ɗalibai kuma an takura shi: na Abaqus bai wuce ɗigo 1,000 ba, wato wuraren da ɓangarorin ke haɗuwa. Duba lissafin. Faranti mai santimita 30 a kowane gefe, sauti mai kilohaz 200 (kaɗawa 200,000 a daƙiƙa), igiyar da ke tafiyar mita 1,500 a daƙiƙa: tsawonta milimita 7.5 ke nan. Ana so a raba kowace igiya aƙalla gida 15, wato rabin milimita. Ɓangarori 360,000 a shimfiɗa ɗaya, kusan miliyan 3 a shimfiɗu 8. Ɗigo 1,000 ba su kai ko'ina ba.

Code_Aster na kamfanin lantarki na Faransa, EDF, yana yin irin wannan lissafi, kyauta ne tun 2001, kuma mafi yawan bayaninsa da Faransanci yake, abin da ya zame mana garaɓasa a wannan yanki. Koyonsa na ɗaukar lokaci, gaskiya ce, amma babu iyaka ga girman aikin. CIVA kuwa, na CEA, hukumar binciken makamashin nukiliya ta Faransa, an tsara shi ne don masu duba kaya a masana'anta, yana da sauri, kuma sai kamfani ko babban ɗakin gwaji ke iya ɗaukar nauyinsa.

Kuɗin da ke hannunka ka zuba shi a kwamfuta mai RAM gigabait 32, da batirin da zai riƙe ta idan wuta ta ɗauke, da fanka ko wuri mai sanyi, domin zafin Garwa a watan Afrilu yakan haura digiri 40, kuma lissafi ɗaya yana iya kwana yana gudu. Ragowar ka kai farantinka ɗakin gwaji a auna maka lambobin taurinsa.