Fing: tana nuna maka wa ke shan waifai ɗinka, amma korarsa aikinka ne

Duk wanda ke da rauta, wato na'urar da ke raba waifai, a gida ko a shago, ko da ƴar ƙaramar nan ce ta aljihu, ya san takaicin data ta ƙare tun wata bai raba ba. Abu na farko da muke yi shi ne mu ɗora wa kamfanin layi laifi, to wani lokaci da gaskiyarmu, amma sau da yawa mai shan datar yana nan kusa, ko yaron maƙota da aka taɓa sa wa kalmar sirri ranar suna, ko talabijin ɗin falo da ke ta ɗauko abubuwa da kanta cikin dare. Manhajar da nake amfani da ita wajen gano irin wannan ita ce Fing, kuma mutane suna yawan tambayata a shago wai da gaske tana kama ɓarayin waifai? Eh tana nuna su. Amma akwai bayani, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda na same ta.

Tana nan a Play Store da App Store, kuma akwai ta kwamfuta wadda ke hawa Windows da Mac. Ba ta da wahalar sarrafawa ko kaɗan, ka hau waifai ɗin da kake son dubawa, ka buɗe ta ka danna sikanin, kafin ka kurɓi shayi ta jero maka duk abin da ke kan netwok ɗin. A shagona na buga takardu, abin da nake gani idan na duba da rana shi ne rautar kanta a sama, sai firintar HP, sai kwamfutocin aiki, sai akwatin kyamarorin tsaro, sai wayoyin yaran shago, Tecno da Infinix da itel, kowanne da ɗan hotonsa a gefe da adireshinsa. Daɗin abin shi ne za ka iya sa wa kowace na'ura sunan da kake so, ka rubuta wayar Hajiya, laftof ɗin kanta, firintar baya, to gobe idan ka sake dubawa duk wanda ba shi da suna shi ne baƙo, nan take idonka zai faɗa kansa. Wannan kaɗai ya isa dalilin sauke ta.

Yadda take yi ba tsafi ba ne. Rauta tana raba wa duk na'urar da ta shigo adireshin IP, irin su 192.168.0.5 ko 192.168.8.102, kuma a yawancin rautocin gida adireshin da ake iya rabawa ba su wuce 254 ba. Fing sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambaya akwai kowa a nan? Duk na'urar da ke kunne dole ta amsa ta wata hanya, don idan ba ta amsa wa ƴan uwanta a netwok ba to ita ma ba za ta iya aiki ba. Bayan adireshin IP kuma kowace na'ura tana da lambar MAC, haruffa da lambobi 12, shida na farko su ne ke nuna kamfanin da ya ƙera ta, ƙungiyar IEEE ce ke raba wa kamfanoni su. Daga nan ne da kuma sunan da na'urar ke kiran kanta da shi Fing ke gane cewa wannan Samsung ce waccan Hisense ce. A wajen gane na'urori ɗin nan ne ta fi sauran da na gwada, saboda wasu manhajojin lambobi kawai za su zubo maka su bar ka da ciwon kai.

Sai dai sunan kamfani ma yana iya rikita mutum. Maƙocina mai shagon cajin waya ya shigo min wata rana hankali a tashe yana miƙo min waya, ya ce "Yaya dubi nan, wani Espressif ya kwana a kan waifai ɗina, ni ban san kowa mai irin wannan wayar ba." Na ce masa Malam kwantar da hankalinka, me ka saka sabo a shagon nan? Ya yi shiru ya ce inbata ta sola. Muka je bayan shago, ga wani ɗan abu kamar filasha a maƙale ƙarƙashin inbatar da ƴar koriyar fitila tana ƙiftawa, shi ne ke aika bayanin caji zuwa wayarsa. Na ce cire shi mu gani, ya cire, muka sake sikanin, baƙon ya ɓace. Espressif kamfani ne a Shanghai da ke yin ƙananan guntayen waifai da ake sakawa cikin kwan fitila da soket da ire-irensu, to sunan mai guntun ne ke fitowa ba sunan da ke jikin kwali ba. Wannan dabara ta kashe abu ka sake dubawa ita ce mafi tabbas wajen gane baƙuwar na'ura, ta fi duk wani hasashe.

Yanzu ga inda ƙarfinta ya ragu, kuma ba ita kaɗai ba duk manhajojin sikanin ne abin ya shafa. Tun Android 10 da ta fito a 2019 da kuma iOS 14 a 2020, wayoyi ba sa nuna ainihin lambar MAC ɗinsu ga waifai, sai su ƙirƙiri wata ta bogi ga kowane netwok, an yi haka ne don kada a riƙa bin diddigin mutum daga wannan wuri zuwa wancan, kuma abu ne mai kyau ga mai waya. Amma ga kai mai rauta yana nufin za ka ga na'ura ba sunan kamfani ba komai. Akwai alama ɗaya, idan harafi na biyu na lambar ya kasance 2 ko 6 ko A ko E to ƙirƙirarriya ce, kusan koyaushe waya ce ko laftof na zamani. Ƙari a kan haka Apple tun iOS 11 ta hana manhajoji karanta lambar MAC ta sauran na'urori, Android ma sababbin nata sun matse wannan ƙofar, shi ya sa sakamakon da za ka samu a Fing ta kwamfuta ya fi na waya cika sosai. Idan kana da laftof wallahi yi amfani da ita, za ka ga bambanci. Mai iPhone kuma idan ta nemi izinin ganin netwok na cikin gida ka ba ta, in ba haka ba ba abin da za ta gani.

Abu na biyu da nake so kowa ya fahimta kafin ya sauke, ta waya ba ta gadi. Lokacin da ka buɗe ka danna ne kawai take dubawa, to idan mai shan datarka ƙarfe biyun dare yake hawa ya sauke finafinai ya sauka kafin asuba, kai kuma da hantsi kake dubawa, har abada ba za ku haɗu ba. Sa ido na dare da rana da aiko sanarwa idan sabuwar na'ura ta shigo sai an bar wani abu a kunne a kan netwok ɗin, ko kwamfuta mai Fing Desktop ko Fing Agent da ake sakawa a ƴar kwamfutar nan Raspberry Pi, a da kuma suna da akwatinsu Fingbox. To a inda wuta ke zuwa yadda ta ga dama barin kwamfuta a kunne kwana da yini ba ƙaramin abu ba ne, sai mai sola. Kuma manyan abubuwan, irin toshe na'ura da neman ɓoyayyar kyamara, suna cikin tsarin biyan kuɗi ne, farashin kuma da kuɗin waje aka yanka shi, idan ka juya zuwa naira mai ƙaramin shago zai yi tunani sau biyu. Ni dai na kyautar ya ishe ni, kuma ina ganin zai ishi yawancin gidaje. Haka nan ta waya ba za ta faɗa maka wa ya sha giga nawa ba, wannan lissafin a wurin rauta yake, in ma rautar tana yi.

Wani abin da na ji daɗinsa sosai wanda mutane ba sa kula da shi shi ne duba ƙofofin na'ura, wato hanyoyi masu lamba da ake bi a yi magana da na'ura ta netwok. Idan ka danna kan kowace na'ura za ka iya sa ta duba waɗanne ƙofofi ne a buɗe, firinta yawanci za ka ga 9100, kyamara 554, duk abin da ke da shafin saiti 80. Wanda idan na gani nake damuwa shi ne 23, tsohuwar hanyar telnet ta sarrafa na'ura daga nesa, don ta nan ne cutar kwamfutar nan Mirai ta bi a 2016 ta kame ɗimbin kyamarori da rautoci waɗanda masu su ba su taɓa canza kalmar sirrin da suka zo da ita daga kamfani ba, aka haɗa su aka kai wa kamfanin Dyn, mai haɗa sunayen shafukan intanet da adireshinsu, hari a watan Oktoba na shekarar har Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga mutane da yawa a Amurka. Yanzu da kowa ke jona kyamara mai arha a ƙofar gida da shago, mai sakawa ya karɓi kuɗinsa ya tafi ya bar sunan shiga da kalmar sirri a admin admin yadda suka zo daga kamfani, wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Fing tana kuma da gwajin gudun intanet da ping, wato gwada ko wata na'ura ko shafi na amsawa, yana da amfani idan kwastoma ya ce netwok ba ya tafiya kana son sanin matsalar daga rauta ce ko daga waje.

To ka ga baƙo, sai me? Nan ne mutane ke kuskure, suna ta neman maɓallin kora a cikin manhajar. Je ka rautarka. Juya ta za ka ga takarda a manne da adireshin shiga, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei da yawa 192.168.8.1, buɗe shi a burauza. Akwai wurin toshe na'ura, amma kada ka dogara da shi, saboda yaron da ya san waya zai shiga saiti ya sauya daga lambar bogi zuwa ta ainihi ya dawo kamar sabon mutum. Canza kalmar sirrin waifai ɗin gaba ɗaya, mai tsawo, ba lambar wayarka ba ba sunan ɗanka da shekarar haihuwarsa ba, sannan ka canza ta shiga rautar ita ma, ka kashe WPS, wato hanyar jona na'ura ba tare da buga kalmar sirri ba. Kuma ka sani duk wanda ka sa wa kalmar sirri a wayarsa ko da ka ɓoye hannu kana bugawa, wayar Android tana iya fito masa da ita ta hoton QR ya raba wa abokansa, ta haka mutum ɗaya ke zama majalisa guda. Idan rautarka tana da waifai na baƙi kunna shi ka ba kwastomomi da ƴan ziyara wannan, shi kake canzawa duk lokacin da ka so ba tare da ka taɓa firinta da kyamara ba.

Don Allah kuma a yi amfani da ita a kan netwok ɗin da kake da iko da shi. Shiga na'urar wani ba izini laifi ne a dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, balle kuma haƙƙi ne. Ko a otal ma da wasu ke sauke ta don neman ɓoyayyar kyamara, a sani cewa yawancin irin waɗannan wuraren suna raba tsakanin na'urorin baƙi ta yadda ba ka ganin kowa, sannan kyamarar da ke ajiya a katin memori ko wadda ke kan wani netwok daban ba za ta taɓa fitowa ba, don haka rashin ganin komai ba shaida ba ce cewa ɗakin lafiya yake.

Ga masu aikin netwok na sosai, Nmap wadda Gordon Lyon ya fitar tun 1997 ta fi ta zurfi nesa ba kusa ba kuma kyauta ce, sai dai sai ka iya buga umarni. Mai Windows da ke son abu mara nauyi akwai Advanced IP Scanner da Angry IP Scanner. Amma maigida ko mai shago ko shugaban makaranta da kawai yake son ya san wa da wa ke kan layinsa, Fing nake ba shi shawara, duk da babu Hausa a cikinta, hotunan da take sakawa suna taimakawa. Ranar da za ka canza kalmar sirri ka zaɓi lokacin da ba kwastoma, saboda firinta da talabijin da kyamara da ɗan abin inbata duk za su sauka tare da ɓarawon, sai ka bi su ɗaya ɗaya ka sake sa musu sabuwar, jerin sunayen da ka riga ka rubuta a Fing shi zai nuna maka wanda ka manta.