Injin wanke-wanke: na cikin kabad ko mai tsayuwa da kansa?

In tsohon injin ya mutu, kafin ki nufi Sabon Gari ki sa tef ki auna gurbinsa. Yawancinsu faɗin santimita 60 ne, ƙananan 45.

Na cikin kabad tsayinsa wajen 82 ne, ana murɗa ƙafafunsa ya ɗaga har ya kai kantar da ke saman kabad. Sai dai kafinta zai ɗaura masa ƙofar katako, kuma samun launin da ya dace da tsohon kabad aiki ne ja.

Mai tsayuwa da kansa 85 ne. In an shimfiɗa tayil bayan kafa kabad, gurbin ya ragu, da wuya ya shiga sai an cire murfin samansa. Ni dai na farkon zan ɗauka.